Shin Ƙarfe Ma Yana Gajiya?

'Yan'uwa ɗalibai, tambayar da muka ɗauko a filin kimiyya na wannan mako ita ce: me ya sa ƙarfen da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya lafiya lau zai karye rana ɗaya, alhali ba a ƙara masa nauyi ba?

Duk mun san yadda ake tsinka waya da hannu. Lanƙwasa ɗaya ba ta isa, sai an yi ta kai da komowa. Injiniyoyi suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Sunan yana da ɗan ruɗi, domin mu in mun gaji muna kwana mu wartsake, shi kuwa ƙarfe ko an ajiye shi shekara, ɓarnar tana nan.

Tsagewar ba ta farawa ko'ina sai inda nauyi ya taru wuri guda: kusurwa mai kaifi, bakin huda, ƙarzuwa, ko ɗan ramin da tsatsa ta ci. A nan ne ƙwayoyin ƙarfen suke gocewa kaɗan-kaɗan har a sami tsaga wadda ido ba ya gani. Duk jan da aka yi, bakin tsagar ya buɗe. In aka saki, ya rufe, amma ta riga ta ƙara gaba. Haka za ta yi ta ci, sau dubbai ko miliyoyi, har lafiyayyen ɓangaren da ya rage ya kasa ɗaukar kayan, sai ya ɓalle farat ɗaya. In kuka duba bakin irin wannan karaya, galibi za ku ga gefe guda sumul da layi-layi kamar sawun ruwa a kan yashi, ɗaya gefen kuma kaushi. Sumul ɗin tsohuwar tsaga ce, kaushin shi ne karayar ƙarshe.

Abin ya ci rayuka. Jirgin Comet na Ingila, jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, ya fara jigila a 1952. Ranar 10 ga Janairu 1954 ɗaya ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya, mutum 35 suka mutu. A watan Afrilu wani ya sake tarwatsewa, aka rasa mutum 21.

Duk tashin da jirgin ya yi, ana matsa iska a cikinsa don fasinjoji su iya numfashi, gangar jikinsa ta ɗan kumbura. In ya sauka, ta koma. Masu bincike a Farnborough suka nutsar da gangar jikin wani Comet a ƙaton tankin ruwa, suna matsa ruwa a ciki suna saki. Da aka haɗa da tashin da ya riga ya yi, a zagaye na 3,057 ya tsage daga kusurwar wata taga. Comet ɗin da aka ƙera daga baya an ƙara wa jikinsu kauri, tagoginsu kuma aka yi su da siffar ƙwai.