Littafin Ƙungiya Ya Shiga Kwamfuta: Kalmomin Da Ya Kamata Kwamiti Ya Sani

Tun ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023, ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa suka koma karɓar kuɗin taki da na bashi ta taransfa, waɗansu kuma suka sayi kwamfuta domin lissafi. Abu ne mai kyau. Amma a zagayen da muke yi muna ganin in saurayin da ke aiki da na'urar ya fara bayani, sai dattawan kwamiti su yi shiru suna gyaɗa kai, alhali kuwa maganar kuɗinsu ake yi. Kalmomin nan ba su da yawa, 'yan'uwa, kuma ba su fi ƙarfin manomi ba.

Abin da hannu yake taɓawa shi ne na'ura. Tsarin da ke gaya mata abin da za ta yi shi ake kira manhaja, kamar Excel, wadda ake jera sunaye da kuɗi a cikinta. Kowane littafi da aka buɗe a ciki sunansa fayil.

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Had dis shi ne rumbu, abin da ya shiga yana nan ko an kashe na'ura. RAM kuwa kamar tabarmar shanya ce, aikin da ake yi yanzu a kanta yake. In wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur kafin a yi sebin, watau kafin a kwashe shanya zuwa rumbu, aikin yana iya salwanta. Domin haka ake haɗa mata UPS, batirin da ke riƙe ta na 'yan mintoci har a rufe aiki.

Wadda ta fi muhimmanci a wurinmu ita ce adimin. Kowane mai shiga na'urar ya kamata ya sami akawun nasa da kalmar sirrinsa. Adimin shi ne babban akawun, mai ikon buɗe wa wani ƙofa, ya rufe wa wani, ya goge abin da ya ga dama. To, ku tambayi kanku, wa ke riƙe da shi a ƙungiyarku? In mutum ɗaya ne kaɗai ya san kalmar, ranar da ya tafi ci rani, ko ya yi fushi, ko ya rasu, littafinku ya kulle. Shawararmu ita ce a rubuta kalmar a takarda, a sa a ambulan, shugaba da sakatare su sa hannu a bakinsa, a ajiye tare da takardun rajista. In an sake ma'aji, lalle a sake kalmar a ranar.

Sai kwafin ajiya. Ba manomin kirki da ke tara irin shukarsa duka a rumbu ɗaya. Masana suna cewa a sami kwafi 3, a kan abin ajiya iri 2, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga ƙungiya kamar tamu: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash da ke gidan shugaba, ɗaya a intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, ya ishi lissafin shekaru masu yawa. Ana adana irin wannan a saba, watau babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. A riƙa buɗe kwafin lokaci lokaci a tabbata yana aiki.

Netwok haɗin na'urori ne domin su aika wa juna saƙo, rauta kuma ita ce ƙaramin akwatin da ke raba musu intanet. Bairos muguwar manhaja ce mai ɓata fayil, sau da yawa ta filash take shigowa, saboda haka kada a bar yara su riƙa ɗora fina-finai a kwamfutar ƙungiya. Lambar OTP da banki ke aikowa ta waya kuma ba a karanta wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne, ko da ya faɗi BVN ɗinku, lambobi 11 ɗin nan, daidai.

A ƙarshen kowane wata a buga lissafin a takarda, a karanta shi a gaban taro kamar yadda aka saba, ma'aji da mutum biyu na kwamiti su sa hannu, a jera shi cikin tsohon littafin ƙungiya.