Ƙodar da ba ta riƙe gishiri

 Yau zancen ƙoda za mu yi.

A 1962 wani likita a Amurka, Frederic Bartter, ya ba da rahoton marasa lafiya biyu, baƙar fata dukansu: yaro ɗan shekara 5 da namiji mai shekara 25. Jininsu cike yake da sinadaran da ke jawo hawan jini, amma in an gwada, jinin bai hau ba. Ku ji fa, bai hau ba! Da aka tsakuro ɗan naman ƙodar aka duba a madubin likita, sai ga abin mamaki. A bakin kowace matatar jini ta cikin ƙoda akwai 'yan ƙwayoyin halitta ƙalilan masu fitar da sinadarin renin. A jikin waɗannan bayin Allah sun hayayyafa, sun yi dandazo.

Dalili? Ƙodar ce ke zubar da gishiri cikin fitsari, ruwa na bin sa. Renin kuwa aikinsa umartar jiki ya riƙe gishiri. To, kamar manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa ya ƙaro 'yan ƙwadago, haka ƙoda ke yi, har ƙwayoyin tsokar jijiya kan rikiɗe su koma masu yin renin. Garin wannan fafutuka sai sinadarin fotashiyam ya zube, jiki ya mutu, tsoka ta riƙa ɗaurewa. Sai a 1996 masu bincike a Jami'ar Yale suka gano ta farko cikin ƙwayoyin gadon da ke da laifin.

Cutar ba ta da yawa, amma galibi ana gadonta daga uwa da uba, don haka masu auren zumunci su lura. In ɗan tayi na da ita, mai ciki ruwa ya yi mata yawa, ta haifi bakwaini. Yaro ya taso da ƙishirwa, yawan fitsari, kwaɗayin gishiri, ga rashin girma. Iyaye, kada a tsaya kan "ai ciwon suga ne" ko "shawara ce". A nemi gwajin gishirin jini, ko da sai an dangana da asibitin koyarwa na Shika.

Lokaci ya ƙure mana. Amma masu sayen Lasix a kemis don kumburin ƙafa, ku sani ƙwayar nan daidai wurin da cutar ta lalata take toshewa. Kada a sha sai da izinin likita.