Idan Mai Ciwon Daji Ya Ture Kwanon Abinci

Ko a asibitin Shika ake karɓar magani ko a na Malam Aminu Kano, kukan masu jinya kusan ɗaya ne: "Ya ƙi cin komai." Sau da yawa ba ƙi ba ne, kasawa ce.

Allurar kemo tana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Na ciwon daji haka suke, amma haka ma na fatar cikin baki da ta hanji. Shi ya sa baki ke yin gyambo, nama ya koma ɗanɗanon ƙarfe, ƙamshin miyar da mutum ke so ya riƙa tayar masa da zuciya. Wanda ake yi wa gashin radiyoterafi a wuya kuwa, yawu ke ƙafe masa, haɗiya ta zama aiki.

Ga shi a daidai lokacin ne jiki ya fi bukatar abinci. Ƙungiyar ESPEN ta masana abincin marasa lafiya a Turai ta ba da shawarar furotin fiye da giram 1, har zuwa 1.5, ga kowane kilo na nauyin mutum kullum. Mai kilo 60 yana neman giram 60 zuwa 90 ke nan, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Malmalar tuwo da ake turawa gabansa cikin ƙauna ba za ta cike wannan giɓi ba, sai ma ta karya masa gwiwa. Abin da ya fi shi ne kaɗan-kaɗan bayan kowace awa biyu ko uku: kunun gyaɗa da madara, alale, awara, dafaffen ƙwai, faten wake, romon kifi marar yaji. Abincin da ya huce ya fi shiga, don ƙamshinsa bai kai na mai zafi ba. Kurkure baki da ruwan gishiri yana rage raɗaɗin gyambo, maganin amai kuma a sha shi yadda likita ya tsara, kada a jira aman ya fara.

Akwai masu hana mara lafiya nama da ƙwai wai suna ciyar da cutar. Abin takaici ne, domin tsokarsa ce ke zagwanyewa, kuma wanda ya rame sosai akan jinkirta masa magani.

Tsafta ma tana da lokacinta. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa, don haka a guji nonon da ba a dafa ba, da ɗanyen latas, da abincin da ya kwana a buɗe. Jiƙe-jiƙen gargajiya sai an tambayi likita. Zazzaɓi ya kai digiri 38, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.