Gyaran Birkin Hannu na A-kori-kura, da Yadda A Ke Kwance Notin da Tsatsa ta Ci

Wannan bayani an yi shi ne domin hakimai da malamansu, waɗanda motar aiki ta ke hannunsu. Ba nufi ba ne hakimi ya shiga ƙarƙashin mota da kansa. Abin da a ke so shi ne ya san yadda aikin ya ke, domin in direba ya zo ya ce birkin hannu ya mutu sai an sake duka, a iya yi masa tambaya mai ma'ana kafin a fid da kuɗi.

Birkin hannu ba ya aiki da mai kamar birkin ƙafa, da waya ya ke aiki. In direba ya ja hannun, sai wata igiyar ƙarfe ta miƙe, ta bi ta ƙarƙashin mota, ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa guda ta baya, ya buɗe takalman birki su danne jikin gangar da taya ke ɗaure a kanta. Yau da gobe wayar takan saki, takalman kuma su cinye, har a ja hannun ya kai ƙarshe mota ba ta tsaya ba. Daga nan ne direba kan koma dogara ga giya da dutse. To, giya takan fita, dutse kuwa yaro kan ɗauke shi, kuma a-kori-kura mai ɗauke da buhunan hatsi in ta gangara ran kasuwa, ba mai tare ta.

Masu ƙera mota sun san wayar za ta saki, saboda haka suka sa mata wurin ɗaurewa. A yawancin irin waɗannan motoci, inda wayar ta rabu biyu akwai wani siririn ƙarfe mai zare, da noti a kansa, sau da yawa noti biyu, na bayan yana tsare na gaba kada ya warware. A wadansu motocin kuwa notin yana gindin hannun birkin ne, a cikin mota. Na ƙarƙashin shi ne mai wahala, gama yana shan laka da ruwa duk damina, kowane rafi aka ƙetare sai ya jiƙe. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta cika tsakanin noti da zare, ta liƙe su. Motocin hannu da a ke kawowa daga Turai da Amurka sun fi muni wajen wannan, domin can a kan watsa gishiri a hanya lokacin sanyi saboda ƙanƙara, gishiri kuwa yana gaggauta tsatsa.

Tun ba a taɓa sifana ba, sai a tsai da mota a wuri mai daidai, a sa weji gaba da bayan ƙafafun gaba. Dalili kuwa, birkin hannu da giya duka ƙafafun baya su ke riƙewa, in an ɗaga baya ba sauran abin da ke riƙe da motar. Kada a yarda kowa ya shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke ɗauke da ita. Ko a yi aikin a bisa ramin makanikai, ko a tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka. Bulo na siminti yakan fashe.

Sa'an nan a goge zaren da burushin waya, har ƙarfe ya bayyana. A zuba man da a ke sayarwa a gwangwani domin sakin tsatsa. In babu, kananzir da aka gauraya da ɗan baƙin mai yakan yi. A nan ne a ke bukatar haƙuri, kuma a nan ne yawancin direbobi ke ɓata aikin. Man yana bukatar lokaci kafin ya ratsa. A zuba da yamma, a ƙara, a bar shi ya kwana. Da safe a tokari gefen notin da wani ƙarfe mai nauyi, a ɗan bubbuga ɗaya gefen da ƙaramar guduma, domin tsatsar ta farfashe. Ba a dukan bakin zaren, in ya lotse noti ba zai wuce ba.

Sifana ta zama daidai da notin, kuma mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, in wurin ya ba da hali, gama tana kama kusurwoyi duka. Wadda ta yi masa yawa sai ta gwigwiye kusurwoyin, noti ya zama kamar ƙwallo. A riƙe siririn ƙarfen da filaya ko wata sifana, kada ya juya tare da notin ya murɗe wayar. In noti biyu ne, a fara raba na baya da na gaba. A ɗan juya wajen ɗaurewa tukuna, kaɗan ƙwarai, kana a komo wajen kwancewa. In ya motsa, kada a yi murna a murɗa da ƙarfi: a yi gaba a yi baya, ana ƙara mai, har ya saki. Ƙarfen siriri ne, wanda ya sa wa sifana bututu domin ƙarin ƙarfi zai karya shi, aikin noti guda ya koma sayen waya.

Makanikai sukan gasa noti da wuta, domin zafi yana buɗa shi. Dabarar gaskiya ce, amma a wannan wuri ba mu ba da shawararta ba. Tankin mai yana kusa, da bututun mai da na birki, rigar wayar kuma takan narke, ga kananzir da aka riga aka zuba. In ya ƙi sam, gara a tsaga notin a sa sabo, kuɗinsa bai kai na goro ba.

Noti ya kwance, kada a yi hanzarin ɗaure waya. A fara duba takalman baya a daidaita su, in sun cinye a sake. Wanda ya ja waya domin ya rufe cinyewar takalma ya ɓoye cuta ne kawai. A duba wayar kanta, in silinta ya fara tsinkewa ko ta ƙi zamewa cikin rigarta, ba ta gyaruwa, sai sabuwa. Bayan haka a sauke hannun birki, a fid da giya, a riƙa ɗaure notin kaɗan kaɗan, ana ja ana ƙidaya ƙarar haƙoran hannun. Littafin kowace mota ya faɗi adadin da ya kamata, shi za a bi. In an ja, ƙafafun baya biyu su ƙi juyawa. In an sauke, su juya da hannu ba gogayya. Ɗaurewa fiye da kima yakan sa ganga ta yi zafi, takalma su ƙone, mota ta sha mai. A tsare da noti na biyu, a shafe zaren da giris, a gwada motar a gangare inda ba mutane.

Malamin hakimi ya rubuta ranar aikin a littafin mota, da abin da aka saya, ya kuma karɓi tsohon abin da aka cire ya gani da idonsa. A sake shafa giris kafin ruwan farko da kuma bayan ɗaukewar damina.