Saƙon da ke cewa a gasa wurin allurar gwajin hanta

Wani saƙo na yawo a WhatsApp kwanakin nan, daga zauren dangi zuwa na 'yan unguwa, kan abin da mutum zai yi bayan likita ya ɗebo masa ɗan tsokar hanta da allura don gwaji, wato biyofsi. Babu sunan likita ko asibiti a jikinsa, sai "tura wa wasu" a ƙarshe. Da yake ciwon hanta nau'in B ya yi mana yawa a wannan yanki, ba a rasa wanda aka rubuta wa gwajin a cikin masu karantawa.

Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ma ya samu karɓuwa. Ana soka allurar ne ta tsakanin haƙarƙarin dama na ƙasa, bayan an kashe zafin wurin. Da an gama, asibitoci da yawa kan kwantar da mutum a gefensa na dama kamar awa biyu don nauyin jikinsa ya danne wurin, sannan ya juya rigingine. Wasu kuwa rigingine suke kwantarwa tun farko, don haka kada a yi gardama da ma'aikacin jinya a kan wannan. Ciwon kafaɗar dama shi ma gaskiya ne, amma ba don allura ta taɓa zuciya ba kamar yadda saƙon ya ce. Hanta na manne da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma jijiyarsa ce ke kai zafin kafaɗa.

Batun wai ana yanke kwatar hanta kuwa, tsokar siririya ce kamar zare, tsawonta santimita 2 zuwa 3. Kwana arba'in ba cin maiƙo, kamar yadda saƙon ya ce? Babu inda likitanci ya ce haka.

Inda na ji raina ya ɓaci shi ne layin da ya ce in ciwo ya tsananta bayan an koma gida, "jini ne ya kwanta", a gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, a matsa, a sha diklofenak ko ibuprofen, ba sai an koma asibiti ba. Wanda ya rubuta wannan bai san hanta ba, kuma bai tsaya ya tambayi wanda ya sani ba.

Hanta cike take da jini, kuma babban haɗarin wannan gwaji shi ne zubar jini ta ciki. Ba ya yawan faruwa, amma in ya faru ba a ganin sa. Filastar da ke kan fata tana nan fes, jinin kuwa na taruwa a cikin ciki. Abin da ya sa ake auna bugun jini da na zuciya duk bayan minti 15 a awar farko ke nan, kuma ake riƙe mutum awanni kafin a sallame shi. Yawancin matsaloli na bayyana cikin awa 24 na farko, amma akwai jinin da ke ɓallewa bayan kwanaki.

Yanzu dubi abin da saƙon ke sa mutum ya yi. Asfirin da ibuprofen da diklofenak suna rage wa jini ƙarfin daskarewa, ga shi mai ciwon hanta da ma sau da yawa jininsa ba ya saurin tsayawa. Garin Alabukun ma akwai asfirin a cikinsa. Matsa wurin da hannu na iya tayar da gudan jinin da ya toshe hudar. Sannan maganin ya lafar da zafin, mutum ya yi barci yana ganin ya samu sauƙi, lokacin da ya kamata a ce yana kan hanyar asibiti.

Ban ga laifin masu yarda da saƙon ba. Gashi da ruwan zafi abu ne da muka taso da shi a kan targaɗe da jego, kemis na bakin layi, asibitin koyarwa kuwa sai an yi kuɗin mota an bi layi. Sai dai raunin nan a can ciki yake.

Ɗan zafi a gefen dama ko a kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne, kuma farasitamol ake bayarwa, gwargwadon da likita ya ƙayyade, domin shi ma in ya wuce kima yana cutar da hanta. Amma ciwon da ke ƙaruwa, jiri in an miƙe, zufa mai sanyi, zuciya na bugawa da sauri, kumburin ciki, numfashi da ƙyar, zazzaɓi, baƙin bayan gida, ko ido ya koma ruwan ɗorawa, duk wannan na komawa asibiti ne nan take, ko da tsakar dare, a kuma gaya musu ranar da aka yi allurar. Kada mara lafiyar ya tuƙa kansa. Ɗaukar buhu, jan ruwa a rijiya da aikin gona su jira kamar mako guda. Wanda ya zo daga ƙauye mai nisa, gara ya kwana daren farko a gidan ɗan'uwa kusa da asibitin, tare da wanda zai riƙa duba shi.