Kafin Ka Sa Wa Motarka Siririyar Taya, Karanta Lambobin Jikinta

Matasa da yawa na son taya mai faɗi, mai gajeren gefe, irin ta motocin tsere da suke gani a TikTok. Tana riƙe kwalta sosai a kwana, amma an yi ta ne don titi mai laushi. Idan hanyarka ta kullum daga Gaya zuwa Ajingi ce, ko cikin ƙauyukan Gafasa, sai ka yi lissafi.

Kunna fitilar wayarka ka duba gefen tayar. Za ka ga rubutu kamar 225/45 R17 94W. Lamba 225 faɗinta ne a milimita, 17 kuma girman rim a inci. Ita 45 ɗin ce abin lura: tsayin gefen kashi 45 ne cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 101 kacal tsakanin rim da ƙasa. Rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya kumbura tayar ko ya lanƙwasa rim. Mai 55 ko 60 ta fi jure hanyoyinmu.

Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Nemi kuma inda aka rubuta TEMPERATURE. A ta fi B da C jure zafi, abin da ke da muhimmanci a watan Afrilu.

Sai shekaru, musamman a tayoyin gwanjo. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne makon da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba na bushewa ko da zanen bai cinye ba, don haka tsohuwar taya mai W ba ta kai sabuwa mai H aminci ba.