Cikin Kifi Yana Nuna Lafiyar Ruwa

Masuntan da ke kamun kifi a dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure da na Tomas kusa da Ɗambatta sun san kowane kifi da irin cimarsa. Karfasa tana cin gansakuka da ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa. Tarwaɗa kuwa ƙasa take bi, tana tonon laka, ba ta zaɓen abinci.

Masana kan yi amfani da wannan su gane ko ruwa ya gurɓata. A inda kogi ke haɗuwa da teku, kamar a Legas, sukan farke cikin kifi su duba. Idan suka sami abinci iri-iri, ruwan na da rai. Idan kuwa ba komai sai laka da jajayen tsutsotsi, to ƙazanta ta yi yawa, domin su ne ke jure ruɓaɓɓen ruwa.

Mu nan ba mu da teku, amma dabarar tana yi mana aiki. Takin zamani da ruwa ke kwasowa daga gonaki yana sa gansakuka ta cika dam, ta shanye iskar ruwa da dare. Sai ka ga karfasa ta daina cin abinci, da asuba ta taso sama tana buɗe baki. Tarwaɗa ba ruwanta, don tana iya shaƙar iska daga waje. Saboda haka masunci da ya ga komarsa ta koma tarwaɗa zalla, kada ya yi saurin murna.

Akwai haɗarin da ido ba ya gani. Ruwan masana'antun Bompai a Kano yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, ya tarar da dam ɗin Wasai a Minjibir. Gubar ƙarfe tana kwanciya cikin laka, kifin da ke kiwo a ƙasa ya kwasa, ta taru a jikinsa. Suya ko banda ba sa fitar da ita. Irin wannan ne ya nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956.

Jama'a, a daina wanke injin feshi a bakin dam. Masu zuba Gammalin 20 don kama kifi kuma su sani, tun 2009 yarjejeniyar duniya ta haramta amfani da gubar da ke cikinsa a aikin gona, balle a ruwan sha.